Yaya zan koyi makullin ƙafa ba tare da na lalata gwiwar kowa ba?

"Assalamu alaikum Koci, barka da ƙoƙari. Wata takwas kenan da na fara jujitsu, har yanzu farin bel gare ni. Ina yawan kallon bidiyon masu kama ƙafa, musamman hil huk ɗin nan na murɗa dunduniya, abin yana burge ni sosai, amma kocinmu ya ce kar wanda ya taɓa ƙafar wani sai ya yi shekara biyu yana tirenin, wai gwiwa ake rasawa. To kuma ranar da na je wani kulob ziyara, wani yaro da bai kai ni ƙarfi ba ya kama min ƙafa sau huɗu cikin minti biyar, ban ma gane me yake faruwa ba. Don Allah in haƙura har lokacin ne, ko akwai yadda zan koya ba tare da na nakasa kaina ko abokin tirenin ɗina ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari kai ma. In na fahimce ka daidai abu biyu ne suka haɗe maka, kana tsoron ka shiga harkar kama ƙafa ka ji ciwo ko ka ji wa wani, sannan kuma ka gani da idonka cewa rashin sanin nata bai kare ka daga komai ba tunda ga shi an kama ka sau huɗu kana zaune kana kallo. Toh ni wannan na biyun ne ya fi tayar min da hankali wallahi, domin ka ce "ban ma gane me yake faruwa ba", kuma yawancin gwiwoyin da na ga sun lalace a kan tabarma na masu irin wannan maganar ne. Ka gode wa Allah yaron nan yana da hankali, da mai rawar kai ka haɗu da shi da yanzu wata tambayar daban kake min.

Amsa a gajarce ita ce eh akwai hanya, kuma ba sai ka jira shekara biyu kafin ka fara fahimtar abin ba. Amma fa abin da za ka fara koya ya bambanta da abin da kake gani a bidiyo, su can ƙarshen aikin suke nuna maka, kai kuma farkonsa kake buƙata.

Inda tsoron ya samo asali

Kocinku bai ƙirƙiri wannan tsoron daga kansa ba, gado ya yi. A judo tun da daɗewa aka hana makullin ƙafa a gasa, gwiwar hannu kaɗai ake yarda ka kulle, shi ashi garami ɗin da kowa yake ambata yanzu ma, wato sarƙe ƙafar abokin karawa da ƙafafunka, yana cikin dabarun da judo ta sa a jerin haramtattu. A Brazil kuma an daɗe ana raina mai kama ƙafa, har akwai kalmar da 'yan kallo suke jifansa da ita mai ma'anar mai gyaran takalmi, wato ana ganin wanda ya kasa wuce ƙafafun abokin karawarsa ne yake komawa jan idon sawu. Amma a daidai wannan lokacin 'yan sambo na Rasha da masu kokawar kach da 'yan gasar Japan irin su Masakazu Imanari suna ta amfani da ƙafa abinsu, duniya ba ta tashi ba.

Abin ya juya ne da gasannin da ba a sa gi, wato riga da wandon yadi mai kauri na jujitsu, musamman ADCC da aka fara a Abu Dhabi a 1998 wadda ta yarda da hil huk. Dean Lister ya ci ajin da ba ruwansa da nauyi a 2003, kuma shi ne ake ba da labarin ya tambayi kocin jujitsu John Danaher dalilin da zai sa mutum ya yi watsi da rabin jikin ɗan adam. Danaher ya ɗauki maganar da gaske, ya tsara abin a Niyu Yok, ɗalibansa irin su Eddie Cummings da Garry Tonon da Gordon Ryan suka riƙa gama faɗa da ƙafa har kowa ya farka. A 2019 Lachlan Giles ɗan Ostareliya, wanda ajinsa kilo 77 ne, ya shiga ajin kowa da kowa na ADCC ya kama ƙatti uku da hil huk ya tafi da lambar tagulla. Daga 2021 ita kanta IBJJF, hukumar da take shirya manyan gasannin jujitsu, ta buɗe hil huk ga manya masu bel ruwan ƙasa da baƙi a gasar da ba gi. Na kawo maka wannan ne don ka ga cewa yanzu ba yadda za a yi ka yi tirenin na shekaru ba ka haɗu da masu kama ƙafa ba, ko ba ka je wajensu ba su za su zo tabarmarka.

Abin da yake faruwa a cikin gwiwa

Nan nake so ka nutsu sosai, domin in ka gane wannan ka gane rabin maganar. Makullan ƙafa ba iri ɗaya ba ne kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne, kuskuren da ake yi kenan a tattara su a kwando ɗaya a ce duk mugaye ne.

Akwai makullin idon sawu na miƙe, ankul lok, inda kake sa ƙafar mutum a hamatarka, ƙashin tsintsiyar hannunka yana ƙarƙashin agararsa, ka miƙar da tafin ƙafar fiye da inda ya saba zuwa. Wannan yana da zafi tun da wuri, mutum zai ji shi yana tahowa, shi ya sa IBJJF ta yarda da shi tun daga farin bel ga manya. Yana iya sa targaɗe kam, har karaya in an yi ganganci, amma yana yin gargaɗi. Akwai niba, wanda kamar amba ne, wato makullin gwiwar hannu, amma a gwiwar ƙafa, kana miƙar da gwiwar ta wuce iyakarta ta baya. Akwai tohol, inda kake riƙe yatsun ƙafa ka murɗa tafin zuwa ciki, yawanci jijiyoyin idon sawu yake taɓawa amma yana iya haurawa gwiwa. Waɗannan biyun a dokar IBJJF sai daga bel ruwan ƙasa zuwa sama.

Sai shi hil huk, wato murɗar dunduniya. Gwiwa an yi ta ne don ta lanƙwashe ta miƙe kamar ƙyauren ƙofa, juyawar da take iya yi gefe kaɗan ce ƙwarai. Mai hil huk yana danne cinyarka da ƙafafunsa biyu ta yadda ba za ta motsa ba, ya sa yatsun ƙafarka a hamatarsa, ya ɗauko dunduniyarka a kan tsintsiyar hannunsa, kaga tafin ƙafarka ya zama masa kamar hannun sifana. In ya juya, ƙashin ƙwaurinka yana juyawa, cinya kuma tana tsaye, duk ƙarfin sai ya taru a jijiyoyin da suke ɗaure ƙasusuwan biyu. Hil huk iri biyu ne, na waje da na ciki. Na waje ya fi cin jijiyoyin gefen waje na gwiwa da na idon sawu, na ciki kuma ya fi cin jijiyar gefen ciki da babbar jijiyar tsakiya da likitoci suke kira ACL, wani lokacin har da guringuntsin da yake tsakanin ƙasusuwan, shi ya sa aka fi jin tsoron na cikin.

Matsalar ita ce waɗannan jijiyoyin ba sa ihu da wuri. In an kama maka amba za ka ji gwiwar hannunka tana miƙewa, zafi yana ƙaruwa a hankali, kana da lokacin da za ka yi tunani ka yi taf, wato ka bubbuga jikinsa ko tabarma alamar ka sallama. A hil huk abin da za ka ji kawai ɗan matsi ne, kamar an ɗaure gwiwar da igiya ana ja kaɗan kaɗan, za ka ce ai ba komai zan iya jurewa, sai kawai ka ji ɓas. Tazarar da ke tsakanin "ba komai" da "ta tsinke" ɗan motsin dunduniya ne kaɗan ƙwarai. Kuma in ACL ta tsinke aka yi tiyata, abin da aka saba shi ne wata tara zuwa shekara kafin mutum ya koma wasa sosai, wasu ma gwiwar ba ta komawa yadda take.

Saboda haka dokar farko da nake ɗora wa duk wanda ya shigo hannuna ita ce, a ƙafa ba zafi ake jira ba. Da zarar gwiwarka tana cikin ƙafafunsa, ƙugunka ya kasa juyawa, kuma dunduniyarka ta shiga hannunsa, an gama, ka yi taf ko da ba ka ji komai ba. Kuma ka yi da baki da ƙarfi, ka ce "taf" kowa ya ji, domin a irin wannan sarƙewar hannunka yana nesa da jikinsa, in ka buga tabarma ma ba lallai ya ji ba saboda hayaniyar ɗaki. Ka yi duka biyun in ka samu dama.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake nanata wannan. Shekarun baya akwai wani ɗalibina, matashi mai ƙarfi, mai saurin ɗaukar abu, amma a lokacin ni ma ina kan ra'ayin kocinku, ban koya wa sababbi komai na ƙafa ba. Wani baƙo ya zo rolin, wato kokawar gwaji ta cikin tirenin, mutumin kirki ne, ya sa shi a sirdi, wani zama da ake sarƙe ƙafar mutum a ciki, ya ɗora hannu a dunduniyarsa kawai bai ja ba, yana jiran ya yi taf. Shi kuma yaron bai san me ake ciki ba, ya ji an riƙe shi, sai ya yi abin da jiki yake ce wa kowa ya yi, ya fizge da ƙarfi ya juya, kuma ya juya ta ɓangaren da bai kamata ba. Ina tsaye kamar taku uku daga wurin, na ji ƙarar, irin ƙarar da kake ji in ka taka busasshen kara. Baƙon ya saki ya ɗaga hannayensa sama fuskarsa duk ta canja, yaron ya tashi zaune yana cewa Koci ba komai ba zafi, ya ma miƙe ya taka, kafin dare gwiwa ta kumbura suntum. Da kansa ya tsinka jijiyarsa, da ƙarfin ƙugunsa, hannun baƙon bango kawai ya zame masa. Ya fi wata goma bai hau tabarma ba. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a raina, domin minti ashirin na bayani da sun hana wannan abin, kuma ni ne ban yi bayanin ba. Daga ranar na canja tsarin koyarwata.

Yadda nake jera wa ɗalibai abin

Na farko ba kamu nake koyarwa ba, zama nake koyarwa. Wato yadda ƙafafu suke sarƙewa: ashi garami na asali, na waje, fifti-fifti, da sirdi wanda wasu suke kira 411. Sati da sati ɗalibi yana shiga waɗannan zaman yana fita, hannunsa bai taɓa dunduniyar kowa ba. Abin da nake so ya gane shi ne layin gwiwa. In gwiwar abokinka tana tsakanin cinyoyinka ka matse ta, kana da kamu, in ta zame ta fita daga cinyoyinka ba ka da komai sai jan banza. Haka kai ma in an kama ka, aikinka na farko ka fitar da gwiwarka daga wannan layin. Akwai wasan da muke yi, mutum ɗaya ya riƙe zaman ɗayan ya yi ƙoƙarin zare gwiwarsa, ba kamu ko ɗaya, minti ɗaya a canja. Za ka sha mamakin yadda wannan kaɗai yake gajiyar da mutum, da kuma yadda yake cire tsoro, domin wanda ya zauna a sirdi sau ɗari ba zai firgita ya fizge ba ranar da aka sa shi a ciki da gaske.

Sai kariya, kuma ita ma kafin kamu take zuwa. In ankul lok ne ka tura ƙafarka ciki ka taurara ta ka ɗaga yatsu sama kamar ka sa takalmin but, ka kama hannunsa ko wuyansa ka taso kansa, ka cire ƙafarsa daga ƙugunka. In hil huk ne akasin haka ake yi, ka miƙar da yatsu, ka ɓoye dunduniya a jikinsa ta yadda ba zai samu inda zai sa hannu ba, ka yi faɗa da hannayensa, ɗayar ƙafar taka kuma ta tura ta taimaka ka zare gwiwa. Kaga kariyar wannan ita ce take buɗe ƙofar wancan, shi ya sa dole ka san wanne ake nema a kanka kafin ka motsa. Juyawa kuma akwai ta a cikin kariya, manya suna yi, amma sai ka san ɓangaren da za ka bi kuma sai dunduniya ba ta riga ta shiga hannu sosai ba. Kai a matakinka ka ɗauka cewa in an riga an riƙe dunduniya ba juyi, taf ne kawai. Wannan ɓangaren na juyi ba abin da zan koya maka a rubuce ba ne, sai mutum yana tsaye a kanka yana riƙe da ƙafarka yana nuna maka hagu da dama.

Bayan nan ne ankul lok yake shigowa a matsayin kamu na farko, kuma ina son ɗalibi ya daɗe a kansa, wata shida ma ba su yi yawa ba. Dalili kuwa duk abin da za ka buƙata nan gaba yana cikinsa, matse gwiwa, sarrafa ƙugu, amfani da bayanka da ƙugunka maimakon damtse, sannan ga shi halal ne gare ka a gasa yanzun nan. Wanda ankul lok ɗinsa yake da kyau in ya zo hil huk ba ya wahala. Wanda ya tsallake shi kuma yawanci fizga yake yi, domin bai taɓa koyon riƙe mutum ba. Niba da tohol su biyo baya, ba ni da dogon bayani a kansu a nan, illa dai a niba ka kula da yadda kake faɗawa, kar ka jefa nauyinka gaba ɗaya a kan gwiwar da take miƙe.

Hil huk shi ne na ƙarshe, kuma da salon kama-ka-saki ake koyonsa. Ka samu zaman, ka tono dunduniyar, ka ɗora ta a tsintsiyar hannu, ka haɗa hannuwanka, ka kalli fuskar abokinka, shikenan ka tsaya. In ya yi taf ka saki. In bai yi ba ka ce masa "na kama fa", in ya fara juyi ko fizga ka saki gaba ɗaya ka bar shi ya tafi, ba ka yi asarar komai ba, kai ka san ka kama. Ni sababbi ma ba na barinsu su haɗa hannu, yatsa biyu nake sa su ɗora a dunduniya, in ka iya riƙe mutum daƙiƙa uku da ƙafafunka kaɗai yatsunka biyu suna kan dunduniyarsa bai iya zarewa ba toh ka ci. Ƙarasa kamun kuma, wato yadda ake juya jiki a karya, ana koyonsa ne a diril, a hankali ƙwarai, abokinka yana gaya maka "na fara ji" tun kafin ya zama wani abu, kuma kai ka ƙirga a ranka ka ba shi lokaci mai yawa. A rolin na yau da kullum ba wanda yake buƙatar ya ƙarasa hil huk a kan abokinsa, ko baƙin bel ne.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, sakin ma sai an koya. In an yi taf ka buɗe hannu nan take sannan ku warware ƙafafu a hankali, kar ka ja ƙafarka da sauri alhali tasa tana sarƙe. Kuma ku duba kewaye kafin ku shiga wannan wasan, ƙafar da take a miƙe a ɗaure in wasu biyu suka faɗo a kanta ba ta da inda za ta gudu. In tabarma ta cika ku matsa gefe ko ku bari. Sannan in kuna sanye da wandon gi ku bar hil huk, yadin yana riƙe ƙafa ya hana ta zamewa, a dokar IBJJF ma haramun ne da gi ga kowane bel. Yara 'yan ƙasa da 16 kuwa ni ba na barin su yi wa juna kamun ƙafa sam.

Da wa za ka yi

Gaskiya wannan ya fi dabarar kanta muhimmanci. Mutum biyu da suka san abin, suka yarda da juna, za su yi shekaru suna wasan ƙafa ba abin da ya same su sai ɗan targaɗe nan da can. Haɗarin yana wajen sabo da sabo, wanda ya kalli bidiyo jiya da dare ya zo yau yana so ya gwada a kan wanda bai san komai ba, ɗaya bai san iyakar ja ba ɗayan bai san lokacin taf ba. Don haka in za ka fara, ka nemi wanda ya fi ka nisa sosai, mai sanyin jiki, wanda ka taɓa ganin an kama shi ya yi taf ya yi murmushi ya ci gaba. Wanda in an kama shi ransa yake ɓaci ya dawo da zafi, ka ja ƙafarka daga wajensa ko da shi ne gwanin kulob. Kuma kafin ku tafa hannu ka tambaya da bakinka, da ƙafa ko ba ƙafa, in da ƙafa wanne da wanne. Ba abin kunya ba ne, manyan 'yan wasa ma suna yi, balle ka je kulob ɗin da ba naku ba kamar yadda ka yi. Da ka ce wa yaron nan ni sabo ne a ƙafa ka nuna min, wataƙila da ka dawo da darasin da ya fi na bidiyo goma.

Riƙe kamu bayan an yi taf kuma ba ƙaramin laifi ba ne a wannan harkar, UFC, babban kamfanin faɗan ƙwararru, ta sallami ɗan wasanta Rousimar Palhares a 2013 bayan ya ci gaba da riƙe hil huk a kan Mike Pierce alhali ya riga ya sallama. In a fagen da ake biyan mutane su yi faɗa ba a lamunci wannan ba, toh ina ga ɗakin tirenin. Ni a wajena sau ɗaya nake gargaɗi.

Ka kuma kula da lokacin da kake yi. Ƙarshen tirenin, an gaji, gumi ya jiƙa ko'ina, hankali ya ragu, ba lokacin gwada sabon abu a gwiwar mutum ba ne. Ni farkon aji nake sa aikin ƙafa bayan an ɗumama jiki sosai. Ƙarfafa cinya ta gaba da ta baya da ƙugu yana taimaka wa gwiwa ƙwarai a faɗuwa da juyi na yau da kullum, ka riƙa yi, amma kar ka ɗauka tsoka za ta hana hil huk da aka kama daidai, ba ta hanawa.

Maganar kocinku

Kar ka je ka ce masa wani ya ce ba ka da gaskiya, ba haka ake yi ba, kuma ni ban san ɗakinsa ba, ban san irin ɗaliban da yake fama da su ba, wataƙila ya taɓa ganin abin da ya sa ya kafa wannan dokar. In mutum ɗaya ne yake kula da sababbi talatin a tabarma ɗaya, hanawar tana da hujja, kuma akwai wata gaskiya a ɓangarensa: sabon da ya ɗanɗana kama ƙafa da wuri yakan daina koyon wuce gadi, wato wuce ƙafafun abokin karawa, da riƙe matsayi, kullum sai dai ya faɗi baya ya ja ƙafa, bayan shekara uku ka ga ba shi da komai sai abu ɗaya. Na ga irinsu da yawa. Inda na saba da shi kawai shi ne hana sanin kariya. Ka same shi bayan aji cikin ladabi, ka gaya masa abin da ya faru da kai a wancan kulob ɗin, ka ce Koci ba kamu nake nema ba, so nake ka nuna min yadda zan gane ina cikin haɗari da lokacin da zan yi taf. Da wuya ka samu kocin da zai ƙi wannan. In ya yarda ka roƙi ankul lok tunda doka ta ba farin bel. In ya ƙi gaba ɗaya, ka mutunta dokarsa a ɗakinsa, kar ka kama ƙafar kowa a ɓoye, amma ka nemi aji ko semina a wajen wanda ya san abin, ka gaya masa za ka je.

Bidiyo yana da amfani, ni ma ina kallo, amma yana nuna maka inda hannu yake ne bai nuna maka nauyin da ake sawa ba, kuma nauyin shi ne duk maganar.

In tsautsayi ya faru

In ka ji ƙara a gwiwa ka tsaya nan take ko da ba zafi, kar ka ce bari in ƙarasa zagayen nan. Alamomin da ba a wasa da su su ne kumburi da ya taso cikin 'yan awanni, gwiwa tana sullewa in ka taka kamar za ta watsar da kai, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa ko lanƙwashewa, ko ka kasa ɗora nauyi a kanta. Ka sa ƙanƙara a cikin tsumma, ka ɗaga ƙafar, ka je wajen likitan ƙashi. Hoton eksire ƙashi yake nunawa, jijiya sai an gwada da hannu ko an yi MRI, saboda haka in an ce maka ƙashi lafiya lau kar ka ɗauka an wanke gwiwar kenan. Ni koci ne ba likita ba, iyakata in gane cewa abu ya faru in hana ka komawa tabarma, hukuncin tiyata ko gashi da motsa jiki na likita ne da mai fisiyo. Kuma in kana da tsohon ciwo a gwiwa ko an taɓa yi maka aiki, ban ga ƙafarka ba, ka tambaye su tukuna kafin ka shiga ko da wasan riƙe zama ne, sannan ka riƙa gaya wa duk wanda za ku yi rolin wace ƙafar ce.

Abin da zan so ka yi a satin nan kaɗan ne. Ka yi magana da kocinku, ka samu babba ɗaya mai haƙuri ya sa ka a ashi garami da fifti-fifti da sirdi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ja komai ba, ka zauna a ciki ka kalli inda gwiwarka take da inda dunduniyarka take, ya ɗora hannu ka ce taf da ƙarfi ya saki, ku maimaita sau goma kowace ƙafa. In ka yi wata ɗaya a haka ka sake rubuto min ka gaya min a wane zama ne gwiwarka ta fi ƙin fita, daga nan sai mu ɗora.